Lasisina a Kan Tafkin da Ban Gina Ba

Daga:
Zubair Haladu Ringim,
Gate City Boulevard, Greensboro.

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaba, Alhaji Uwaisu Garba Malumfashi,
Ƙungiyar Inuwar Juna ta 'Yan Arewa Mazauna Greensboro da Kewaye.
Ta hannun Sakataren Ƙungiya.

Talata, 27 ga Mayu, 2025.

Game da: Amfani da sunana da lambar lasisina wajen neman izinin gina tafkin iyo a gidan ƙungiya da ke Pleasant Garden ba da sanina ba, da roƙon a ɗage buɗe shi.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina yi maka barka da dawowa daga gida, da fatan ka baro 'yan'uwa lafiya. Na so in bari ka huta kafin in kawo maka wannan magana, amma ranar da aka tsayar don buɗe tafkin, wato Asabar 14 ga Yuni, ta matso, kuma sau biyu ina gwada maganar baki ba ta yi ba. Dokar ƙungiya ta ce duk mamban da ke da ƙorafi a kan wani jami'i ya rubuto wa Shugaba. Jami'in da nake nufi shi ne Alhaji Yahya, shugaban kwamitin gini. Allah ya sani ban ji daɗin rubuta sunansa a irin wannan takarda ba.

Kamar yadda ka sani, gina tafkunan iyo ita ce sana'ata. Da wanke su na fara a ƙarƙashin wani kamfani, daga baya na yi karatun jarrabawar 'yan kwangila ni kaɗai, da ƙamus a gefe, na faɗi a karon farko, na ci a na biyu, jiha ta ba ni lasisi. Ni ba lauya ba ne, kuma ba zan yi da'awar na san dukkan dokar ba. Abin da na sani shi ne: idan aka sa lambar mutum a kan aiki, ma'anarta shi ya tsaya a kan aikin, ya ga abin da ke ƙarƙashin siminti kafin a rufe, kuma shi za a tambaya. Ƙorafe-ƙorafena ga su kamar haka.

1. An sa sunana ba a tambaye ni ba.

Ranar Juma'a 9 ga Mayu, bayan an idar da salla, mutane suka yi ta zuwa suna ba ni hannu suna cewa Allah ya saka da alheri. Malam Djibrilla, da tsufansa, ya riƙe hannuna ya yi doguwar addu'a. Na yi ta amsa amin kafin in san a kan me ake yi mini addu'ar. Sai da na isa wurin ajiye motoci wani ya ce mini ai an ga allon izinin gini a Pleasant Garden, an ga sunana a matsayin ɗan kwangila, ashe aikin Allah nake yi a ɓoye.

Na nemi Alhaji Yahya nan take. Bai ɓoye mini komai ba, dariya ma yake yi. Ya ce tun watan Maris, da yake cike fam ɗin neman izini a intanet, ya iso wani gurbi da ke neman suna da lambar ɗan kwangila, fam ɗin kuwa ya ƙi wucewa gaba muddin gurbin babu komai. Sai ya tuna lambar tana rubuce a jikin motata, ya ɗauki hotonta a ƙofar masallaci. Abin da ya faɗa mini, kuma ina rubuta shi yadda ya fito daga bakinsa, shi ne: "To Malam, sunan wa za mu sa in ba naka ba? Kai ne namu." Ya tuna mini cewa a katin bikin 'yarsa an buga sunana cikin jerin masu gayyata ba a tambaye ni ba, ban yi fushi ba, na zo na ci abinci har na tafi da saura.

Gaskiya ya faɗa, haka aka yi. Kuma na daɗe ina juya wannan misali a raina, don ban so in yi watsi da shi kawai saboda ya ɓata mini rai. A gida haka muke girmama mutum, mu sa sunansa a takarda ya gani ya ji daɗi, wanda aka manta da shi ne ma yake fushi. Na tabbata da wannan zuciyar Alhaji ya yi. Sai dai sunan da ke kan katin biki kiran mutane yake yi su zo su ci shinkafa. Wannan kuwa yana gaya wa uwa cewa ta saki hannun ɗanta ya shiga ruwan da ya fi tsayin babban mutum, Zubair ya duba. Ban duba ba, ranka ya daɗe. Ban ma san an fara haƙa ba.

2. An zuba siminti babu wanda ya ga abin da ke ƙasa.

Washegari Asabar na tafi Pleasant Garden. Na tarar aikin gayya aka yi, kowace Asabar maza suna taruwa, mata suna kawo abinci, Malam Laouali ɗan'uwanmu na Maraɗi shi ne mai jan aikin saboda ya saba gina tankunan ruwa a can. Ina so a rubuta cewa ban raina aikinsa ba. Hannunsa yana da tsafta, shafen da ya yi wa bangon ya fi wanda nake yi kyau. Kuma ban raina gayya ba. Raina ya sosu da na ga hotunan da aka ɗauka a wurin aikin, ga kowa da shebur, ni kaɗai ne babu, alhali ni ne aka rubuta.

Matsalar ita ce, a iya sanina, kafin a zuba siminti sai sifeton gini ya zo ya ga rodin da aka shimfiɗa, ya ga wayar tagulla da ake ɗaure duk wani ƙarfe na tafkin da ita, tsani da fitila da famfo, don kada lantarki ya samu hanyar shiga ruwa. Ba a kira shi ba. Dalilin da aka ba ni shi ne an riga an yi odar motar siminti, mutane kuma sun ɗauki hutun wannan rana a wuraren aikinsu, ba za a iya sake tara su ba. Na tambayi Malam Laouali ko ya ɗaure wayar. Ya ce ya ɗaure. Na yarda ba maƙaryaci ba ne. Da na tambaye shi ko ta kai gindin tsanin, ya ce yana jin ta kai, amma ranar hannaye sun yi yawa. Wannan amsa ta mai gaskiya ce, kuma ita ce ta hana ni sukuni. Babu ɗayanmu da ya sani, siminti kuwa ya bushe.

Haka kuma na lura an nemi izinin a matsayin tafkin gidan zama na iyali ɗaya. Wurin da jama'a za su riƙa taruwa yana da nasa sharuɗɗan daban. Wannan ma da sunana aka faɗe shi.

3. Magudanar ƙasa da tufafin matanmu.

Wannan ya fi kowanne damuna, ina roƙon a karanta shi a hankali. A ƙasan tafkin, wurin da ya fi zurfi, akwai rami guda ɗaya inda famfo ke jan ruwa ya tace ya dawo da shi. An rufe shi da murfi shimfiɗaɗɗe irin na magudanar tsakar gida. Yadda aka koya mini, biyu ake yi nesa da juna, da murfi mai tudu, don idan wani abu ya toshe ɗaya jan ruwan ya koma ɗayan. Famfon da aka sayo kuma babba ne, an same shi da araha a hannun wani da ya rushe nasa.

Na tambayi maiɗakina Huseina da me za su shiga ruwan. Ta ce an riga an kai wa tela ɗinki, dogayen riguna da hijabi har gwiwa, tunda amfanin katangar da aka kewaye tafkin da ita ke nan, mace ta shiga cikin suturarta hankali kwance. Wanda ya rubuta dokar magudana ban sani ba ko ya taɓa ganin hijabi a ruwa. Ni ma ban taɓa gani ba, duk shekarun nan gidajen wasu nake yi wa aiki. Don haka na ɗauki wani tsohon hijabinta, na koma ranar Laraba 14 ga Mayu da rana, na ɗaura shi a sandar share ruwa, Malam Laouali ya kunna famfo, na tura shi ƙasa. Bai kai ga murfin ba ruwan ya fizge shi. Na ja da hannu biyu, na kafa ƙafa a bakin tafkin, bai saki ba sai da yadin ya yage. Malam Laouali ya kashe famfon. Rabin hijabin yana motata. Zan kawo shi idan ana bukata. Har yau Huseina tana cigiyarsa, ban gaya mata inda ya tafi ba, don ban san yadda zan faɗa ba tare da na nuna mata abin da na gani a raina lokacin da nake ja ba.

4. Ƙofar katanga.

Katangar ta yi, ta fi abin da ake bukata tsayi, babu mai leƙe. Ƙofar ma daidai aka sayo ta, mai rufe kanta, da sakata a sama inda hannun yaro ba ya kaiwa. Amma na tarar an cire mata sifirin da ke sa ta rufe kanta, an tokare ta da bulo. Bayanin da aka yi mini shi ne tana bugun Hajiyoyi a baya idan sun shigo da kulolin abinci a hannu, wani dattijo kuma ya ce bai ga dalilin da ƙofar gidan jama'a za ta riƙa rufewa a fuskar mutum ba. Ranka ya daɗe, ka san taronmu. Yara suna yawo tsakanin manya, kowa yana ɗauka wani yana kallonsu, uwa tana wurin tukunya tana zaton yaron yana wurin uba, uba yana hira yana zaton yana wurin uwa. A fili wannan ba komai. A bakin ruwa kuwa yaro ba ya ihu idan ya faɗa, shiru kawai ake ji. Na ɗauke bulon na rufe ƙofar. Da na sake komawa na tarar an mayar da shi.

5. Yadda aka karɓi maganata a mitin.

Na kawo duk wannan a mitin ɗin kwamiti na Lahadi 18 ga Mayu, kana kan tafiya. Hajiya Suwaiba, shugabar mata, ta ce shekaru suna roƙon wannan wuri, 'ya'yanmu suna girma a ƙasar da ko'ina ruwa ne ba su iya iyo ba, iyayensu mata ba za su je wuraren da ake cakuɗa ba, yanzu da abin ya zo hannu sai ga namiji da doka a aljihu. Ta ce lokacin da aka share filin ƙwallon maza ba ta ji wanda ya nemi lasisi ba. Mutane suka yi dariya. Ni ma na kusa yi, don a kan jiran da suka yi tana da gaskiya. Ban taɓa adawa da tafkin ba. Da an zo mini tun farko da na yi shi kyauta.

Wani daga baya, ban juya na ga ko wane ne ba, ya ce haushin rashin kwangila ne ke cina. Alhaji Yahya ya tsawatar masa, na gode masa a kan haka. Sannan ya juyo ya ce mini mu rufa wa juna asiri, a ƙasar mutane muke, ba a jawo hukuma cikin gida, idan sifeto ya kira in ce masa eh kawai, daga baya a gyara abin da ake gyarawa sannu a hankali. Aka shafa fatiha a kan haka. Ba a rubuta maganata a bayanan mitin ba, Sakatare zai iya tabbatarwa. An dai rubuta yawan ragunan walimar buɗe tafkin.

6. Halin da wannan ya jefa ni.

Ina neman afuwa idan wannan sashe ya fita daga tsarin takardar ƙorafi. Tun ranar nan ban zauna wuri ɗaya ba. Ina cikin aikin wani a Summerfield sai in ga na tattara kaya na kama hanyar kudu, in je in tsaya a bakin katangar, in ɗauke bulo, in dawo. Na san ba shi da amfani.

Alhaji Yahya shi ya ɗauko ni a filin jirgi ranar da na sauka ƙasar nan. A falonsa na kwana har na samu ɗaki. Motar farko da na tuka, daga filinsa na sayar da motoci ta fito, bai taɓa yi mini maganar ranar biya ba. Idan na kai wannan magana gaban hukumar lasisi, sunansa zan kai, kuma ban san iyakar abin da zai same shi ba. Malam Laouali ma zai iya shiga ciki, mutumin da ya ba da Asabar ɗinsa don Allah bai karɓi ko kwabo ba. Idan kuma na ce wa sifeto eh, na ba da shaida a kan abin da ban gani ba, da kuma abin da na gani na san ba daidai ba ne. Na nemi suna mai sauƙi da zan sa wa wannan, ban samu wanda ya wuce shaidar zur ba. Na yi ta tambayar kaina ko alherin da mutum ya yi maka yana iya sayen shaidarka, in kuwa yana iya, to ashe tun a falon nan aka saye ta ban sani ba, shi ma bai sani ba. Ban yarda Alhaji ya ɗauko ni a filin jirgi don haka ba.

Ba zan ɓoye ba, ina tsoron rasa lasisin, da shi nake ciyar da iyalina. Amma na auna, ko da babu lasisi a duniya, abin da ya kama hijabin nan yana nan.

A gida kuma, 'yata Afnan mai shekara biyar an saya mata kayan iyo, tana sanye da su tana zagaya falo, tana gaya wa kowa a waya da Turanci cewa babanta ne ya gina, haka aka gaya mata a Islamiyya. Na riga na yanke cewa ba za ta shiga ruwan nan ba, uwarta ma haka. Ranar da na yanke wannan hukunci ne na gane ba ni da sauran zaɓi. Ban san da wace fuska zan riƙe hannun 'yata a bayan katanga, ina kallon 'ya'yan wasu suna wucewa ta gabana, iyayensu suna yi mini sannu da aiki.

Abin da nake roƙo

Saboda haka, cikin girmamawa, ina roƙon Mai Girma Shugaba:

Na ɗaya, ya ba da umarnin ɗage buɗe tafkin, a kashe famfo, a mayar wa ƙofa sifirinta, a sa kwaɗo, makullin ya zauna a hannunsa. Walima a yi ta a fili, raguna ba su da laifi.

Na biyu, ya umarci Alhaji Yahya mu tafi tare ofishin da ya ba da izinin, mu biyu, ya faɗi yadda aka yi da bakinsa, ni kuma in tsaya a gefensa in shaida cewa ba da niyyar cuta ya yi ba. Wannan shaidar zan iya bayarwa, don na gani.

Na uku, a amince a fasa simintin duk inda sifeto ya ce a fasa, a ƙara magudana ta biyu. Idan hukuma ta yarda in karɓi aikin, zan yi shi ba tare da kuɗin hannu ba, tare da Malam Laouali, kuma ranar da na ga ƙasansa da idona zan sa hannu da farin ciki. Gayyar ma a sake kira, wannan karon a gaya mini.

Na huɗu, kada a jingina wa Malam Laouali laifin. Aikin da aka ba shi ya yi.

Na biyar, a ba ni dama in tsaya gaban Hajiya Suwaiba da sauran iyayenmu mata in nuna musu rabin hijabin nan, su yanke hukunci da kansu.

Idan har zuwa Alhamis 5 ga Yuni ban ji komai ba, ina sanar da Shugaba tun yanzu, don kada a ce na bi ta bayan gida, cewa zan rubuta wa hukumar lasisi ta jiha da ofishin izinin gini cewa aikin nan ba nawa ba ne. Zan fara kai wa Alhaji Yahya kwafin da hannuna kafin in aika. Idan kuma duk da haka aka buɗe ranar 14 ga Yuni, za a same ni a bakin ƙofar da kujerata tun kafin baƙo na farko ya iso, kuma duk uwar da ta zo wucewa da yaro zan gaya mata cewa sunan da ke kan allon nawa ne, amma ban duba ba, kuma tawa 'yar tana gida. Ina roƙon Shugaba ya taimake ni kada ta kai ga haka. Ba na so in zama mutumin da zai faɗi wannan magana a ƙofar walimar 'yan'uwansa, mako guda bayan Salla.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da basira, ya kiyaye mana yaranmu, ya bar zumunci tsakanina da wanda nake ƙara.

Naka mai biyayya,

Zubair Haladu Ringim
Mamba, Ƙungiyar Inuwar Juna

Kwafi zuwa ga:
Alhaji Yahya, Shugaban Kwamitin Gini.
Hajiya Suwaiba, Shugabar Mata.